Waiwaye: Wutar daji da gwajin Olokemeji da aka manta

Da zarar hunturu ya kankama, gardamar ƙona daji takan dawo sabuwa. Manomi ya ce makiyayi ne mai neman toho, makiyayi ya ce masu farautar gafiya ne, wasu kuma su ce a haramta wutar baki ɗaya kowa ya huta. Maganar ba yau ta fara ba.

Kaka da kakanni sun yi sassabe da wuta, sun yi farauta da ita, amma a zamaninsu gona takan yi shekaru tana saura kafin a koma mata. Farin 1973 da na 1984 suka zo, aka shiga lissafin itatuwan da suka ɓace. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne gwajin da masana gandun daji suka fara a 1929 a Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta. Fili suka raba uku. Ɗaya ana cinna masa wuta da farkon rani, ciyawa da sauran danshi. Na biyu sai ƙarshen rani, komai ya bushe ƙayau. Na uku an hana shi wuta sam. Bayan shekara 28 aka ƙirga itatuwa. Wanda aka tsare ya kama hanyar zama kurmi. Mai wutar ƙarshen rani itatuwansa sun ragu, ciyawa ta mamaye shi. Mai wutar farko kuwa ya riƙe itatuwansa. An yi irin wannan gwaji kusa da Bouake a Kwaddibuwa, sakamakon bai saɓa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wutar farko tafe take tana tsallake-tsallake, ba ta da zafi, tana barin inuwa ga ƙasa. Ta ƙarshen rani kan tashi sama da mutum. Manyan kaɗanya da ɗorawa masu kaurin ɓawo sukan tsira, gamba ma ta sake tohowa daga tushe, amma ƙananan itatuwa sun tafi ke nan. Naitirojin, wanda manomi ke sayen buhun yuriya dominsa, yakan bi hayaƙi. Toka dai tana da amfani, sinadarin da ke cikinta shi ne na ruwan tokar miya, sai dai iska kan kwashe ta, ruwan farko ya wanke saura tare da fuskar ƙasa.

A ganina nan gizo ke saƙa. Da jama'a suka ƙaru, gonaki suka cinye saura suka kutsa cikin daji, wutar farkon rani, wato ta watan Nuwamba, ta zama haɗari, don dawa da wake suna tsaye a gona. Dole aka riƙa jinkirta ta har a gama girbi da sussuka, lokacin ciyawa ta riga ta bushe. Filin da dā kan ƙone jefi-jefi, yanzu duk shekara yake shan irin wutar fili na biyu.