Wane ne gwanin gwanaye a tseren Formula 1? Tambayoyi da amsoshi

Duk inda masoya tseren mota suka haɗu, musun ɗaya ne: wane direba ne ya fi kowa tun da aka fara gasar duniya a 1950? Ga tambayoyin da aka fi tafka gardama a kansu.

Ba sai a ƙirga kambu kawai a huta ba?

Da haka ne, da tuni an rufe magana a kan mutum biyu. Michael Schumacher ɗan Jamus yana da kambu 7, biyu a tawagar Benetton, biyar a jere a tawagar Ferrari daga 2000 zuwa 2004. Lewis Hamilton ɗan Birtaniya shi ma 7 ne, kuma ya ci tsere sama da 100, ya wuce 91 na Schumacher. Matsalar ita ce ba a ma'auni ɗaya aka auna su da na da ba. A 1950 tsere 7 aka yi a shekara, a 2024 kuwa 24. Wanda ya zo na ɗaya a da maki 8 yake samu, tun 2010 kuma 25 ne. Shi ya sa masana ke duba kaso. Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya ci 24 cikin tsere 51 da ya tashi, kusan rabi ke nan, ya ɗau kambu 5 da tawagogi huɗu daban-daban. Jim Clark ya ci 25 cikin 72. A wannan lissafin duka biyun suna gaban Hamilton da Schumacher.

Ana cewa mota ce ke cin tsere. Ina gwanintar direba take?

Akwai gaskiya a maganar: babu gwanin da zai ci kambu da mota mai rauni. Amma gwaninta tana fitowa a wurare uku. Na farko birki. Direba yana tahowa da gudu sama da kilomita 300 a awa, ya danna birki da ƙarfin da ya haura kilo 100, sannan ya riƙa sassauta ƙafa a hankali yayin da yake shiga kwana. Dalili kuwa, iskar da ke danne motar ƙasa tana raguwa idan gudu ya ragu. In bai sassauta ba, tayar gaba ta ƙame, ta gogu a wuri ɗaya, motar ta riƙa jijjiga har sai an canja ta.

Na biyu lallashin taya. Tana kama titi sosai ne idan zafinta yana wajen digiri 100. In direba ya yawaita sulɓi, ta yi zafi fiye da kima, ta cinye da wuri, dole ya shiga canji. Canjin kansa bai kai daƙiƙa 3 ba, amma shiga da fita na cin kusan daƙiƙa 20. Na uku ruwan sama, inda fifikon mota ke raguwa, hannu da ido su yi aiki.

To da me za a auna direba tsakani da Allah?

Da abokin tawagarsa, domin shi kaɗai ke tuƙa irin motarsa. A fara da gwajin neman gurbi, wanda ke tsara inda kowa zai tashi a tsere, na kakar gaba ɗaya: sau nawa ya riga shi, da tazarar nawa. Sannan a duba tsere, a cire waɗanda inji ko giyar mota ta lalace. A 2023 tawagar Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, sai wasu suka ce kowa ma zai iya. Amma Max Verstappen ya ci 19, Sergio Perez a mota iri ɗaya ya ci 2, maki 575 da 285. Hamilton kuwa a shekararsa ta farko, 2007, ya yi kunnen doki da abokin tawagarsa Fernando Alonso mai riƙe da kambu, maki 109 kowanne. Masu sukarsa su kuma ba sa mantawa abokin tawagarsa a Mercedes, Nico Rosberg, ya doke shi a 2016.

Senna kambu 3 gare shi. Me ya sa da yawa ke sa shi a sama?

Saboda gudun zagaye ɗaya da kuma ruwa. Ayrton Senna ɗan Birazil ya tashi daga gurbin farko sau 65. A Monako a 1988 ya ba Alain Prost tazarar daƙiƙa 1.4 a gwaji, mota iri ɗaya, abin da a wannan sana'ar tazara ce mai ban tsoro. A Donington a 1993, kan jiƙaƙƙen titi, ya faɗo na biyar bayan tashi, kafin zagayen farko ya ƙare yana gaba. Rasuwarsa a Imola ranar 1 ga Mayu 1994 ta ƙara masa girma a zukata.

Sai dai a ganina ana tauye Prost. Kambu 4 ya ci, nasara 51. A 1988 ma ya fi Senna maki a jimla, 105 da 94, amma dokar lokacin sakamako 11 mafi kyau take ƙirgawa, sai kambun ya tafi ga Senna, 90 da 87.

Me ake riƙe wa Schumacher?

Karon mota sau biyu a tseren ƙarshe na kaka: da Damon Hill a Adelaide a 1994, da Jacques Villeneuve a Jerez a 1997. Na biyun ya sa aka cire sunansa daga jadawalin gasar shekarar. Mai kafa hujja da wannan kuwa sai ya tuna Senna ma ya afka wa Prost a kwanar farko a Suzuka a 1990.

Me ya faru a Abu Dabi a 2021 da har yau ake faɗa?

Hamilton da Verstappen sun shiga tseren ƙarshe maki ɗaya, 369.5. Hamilton na gaba, saura zagaye biyar Nicholas Latifi ya yi hatsari, motar kariya, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, ta fito. Verstappen ya shiga ya sa sabuwar taya mai laushi. Mercedes ta bar Hamilton da tsohuwar mai tauri, don in ya shiga zai rasa gaba, ga shi ana zaton tseren a bayan motar kariya zai ƙare. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar da ke tsakaninsu kaɗai su wuce motar kariya, ba duk waɗanda aka bari a baya da zagaye guda ba, ya kuma janye motar kariya ba tare da ƙarin zagayen da doka ta tanada ba. Verstappen ya wuce a zagayen ƙarshe ya ɗau kambu. Hukumar FIA mai kula da gasar daga baya ta ce kuskuren ɗan Adam ne, ta sauke Masi daga muƙamin, amma ta bar sakamakon yadda yake.