Sahun kariya na Philadelphia Eagles (2013–2025)

Sahun kariya, a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, shi ne jerin ƙarti biyar da ke durƙusawa a gaba duk lokacin da ƙwallo ke hannun ƙungiyarsu. Akwai ɗan tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, da masu gadi biyu a damansa da hagunsa, sai 'yan gefe biyu da ke rufe bakin sahun. Aikinsu iri biyu ne: su tare abokan hamayya kada su kai ga kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, kuma su buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya. Doka ta hana a jefa musu ƙwallo, lambobin rigunansu kuma daga 50 zuwa 79 suke. Sahun ƙungiyar Philadelphia Eagles, ta birnin Filadelfiya a jihar Pensilbaniya, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa da ƙarfinsu a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka. Da shi ƙungiyar ta je wasan ƙarshe na Super Bowl sau uku tsakanin 2018 da 2025, ta ci biyu.

Abin da ya sa sabo ke da muhimmanci

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ture-ture ne kawai, amma rabin aikin a ka yake. Kafin a miƙa ƙwallo, ɗan tsakiya zai dubi yadda masu tsaron abokan hamayya suka jeru, ya nuna ɗaya da yatsa, ya faɗi wa kowa wanda zai tare, duk cikin daƙiƙa 40 da doka ta bayar tsakanin wasa da wasa. Abokan hamayya kuwa sukan yi dabara: biyu su sauya wuri bayan an fara, na waje ya kutsa ciki, na ciki ya zagayo waje. Nan dole mai gadi ya saki nasa ya miƙa wa ɗan gefe, shi kuma ya karɓi wanda ke zagayowa, ba tare da magana ba. Idan ɗaya ya makara da taki guda, kwatabak ya sha ƙasa. A filin baƙi abin ya fi tsanani, domin ihun 'yan kallo kan hana a ji murya, sai a koma ga alama, kamar mai gadi ya taɓa ɗan tsakiya ko ɗan tsakiya ya ɗaga kai. Irin wannan fahimtar juna sai an daɗe tare ake samunta.

Sai dai tsarin NFL ba ya barin a daɗe tare. Akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin tafiya inda aka fi biya, ga kuma raunin gwiwa da agara da ba ya rabuwa da mutanen da nauyin yawancinsu ya haura kilo 135.

Koci ɗaya, shugabanni uku

A 2013 Chip Kelly ya karɓi jagorancin Eagles, ya ɗauko Jeff Stoutland daga Jami'ar Alabama ya ba shi horar da sahun kariya. An sallami Kelly a ƙarshen 2015, Doug Pederson ya zo a 2016, Nick Sirianni ya gaje shi a 2021. Bisa al'ada sabon shugaba da mutanensa yake zuwa, amma duka biyun sun bar Stoutland a kujerarsa. Ma'anar haka ita ce sama da shekara goma ana koyar da taki iri ɗaya, riƙo iri ɗaya da kalmomin kira iri ɗaya, ko da fuskoki sun sauya. Ana iya cewa wannan ne ginshiƙin labarin, fiye da kowane ɗan wasa.

Cikin 'yan wasan kuwa, biyu ne suka riƙe ginin. Jason Kelce, ɗan tsakiya daga Jami'ar Sinsinati, an ɗauke shi a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa na 2011, na 191 a jeri, don ana ganin jikinsa ya yi ƙanƙanta. Saurinsa da kaifin basirarsa suka rufe wannan, har ya fara wasa 156 a jere, aka kuma sa shi a jerin gwanayen gasar na farko sau shida kafin ya yi ritaya a watan Maris na 2024. Na biyun shi ne Lane Johnson daga Oklahoma, ɗan gefen dama, wanda aka ɗauka na huɗu a 2013. An ga darajarsa ƙarara a 2016, lokacin da aka dakatar da shi wasa goma: da shi ƙungiyar ta ci biyar cikin shida, babu shi ta ci biyu kacal cikin goma.

A kakar 2017 ɗan gefen hagu Jason Peters ya ji rauni a gwiwa a watan Oktoba. Halapoulivaati Vaitai, matashin da ke zaman jira, ya maye gurbinsa har zuwa Super Bowl na Fabrairun 2018, inda Eagles ta doke New England Patriots da ci 41 da 33.

Shekarar da ginin ya rushe

Kakar 2020 ta nuna iyakar abin. Tun kafin a fara, mai gadi Brandon Brooks ya tsinke agara, ɗan gefe Andre Dillard ya yage tsokar dantse, Johnson kuma yana fama da idon sawu. Sau 14 aka fito da jeri daban a wasa 16. An kayar da kwatabak Carson Wentz sau 50 a wasa 12 kawai, ƙungiyar ta ƙare da nasara huɗu, rashin nasara 11 da kunnen doki ɗaya, Pederson kuma ya rasa aikinsa. Koci komai gwanintarsa ba ya iya ɗinke sahun da ake sauyawa kowane mako.

Amma a cikin wannan rikicin ne Jordan Mailata ya samu damar shiga fili. Ɗan Ostareliya ne, tsohon ɗan wasan rugbi a ƙungiyar matasa ta South Sydney, tsayinsa ya haura mita biyu. Lokacin da Eagles ta ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, bai taɓa buga wannan wasa ba ko sau ɗaya. Shekara biyu ya yi yana koyo bai fito wasan gasa ba. A 2021 ya ƙwace gefen hagu daga Dillard, wanda aka ɗauka tun a zagayen farko. A talabijin, inda kowane ɗan wasa kan faɗi jami'ar da ya fito, Mailata sai ya ce shi ɗan "Jami'ar Jeff Stoutland" ne.

Magaji kafin gurbi

Manajan ƙungiyar, Howie Roseman, yana da ɗabi'ar ɗaukar magaji tun mai wuri bai tashi ba. An ɗauki Landon Dickerson a 2021, ya zauna a gadin hagu. A 2022 aka ɗauki Cam Jurgens, kuma Kelce da kansa yana cikin waɗanda suka duba shi suka yaba. Jurgens ya shekara yana kallo, ya yi 2023 a gadin dama kafaɗa da kafaɗa da Kelce bayan tafiyar Isaac Seumalo zuwa Pittsburgh Steelers, sannan ya koma tsakiya a 2024. Gurbin da ya bari aka ba Mekhi Becton, wanda asalinsa ɗan gefe ne a New York Jets. A bayan wannan sahu mai gudu da ƙwallo Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a kakar, Eagles ta kuma lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a Fabrairun 2025, ta rama kayen 38 da 35 da ta sha a hannunsu shekara biyu baya. Becton ya shekara ɗaya kawai ya wuce Los Angeles Chargers.

Dabarar da ta fi jawo wa sahun suna ita ce wadda ake kira "Tush Push". Idan yadi ɗaya ya rage a tazarar da ƙungiya ke buƙatar kaiwa don ta ci gaba da riƙe ƙwallo, sai 'yan gaba su sunkuya ƙasa sosai su kutsa gaba ɗaya, kwatabak Jalen Hurts ya bi bayan ɗan tsakiya da mai gadin hagu, wasu kuma su turo shi ta baya. Ƙungiyoyi da dama sun gwada, ba su kai Eagles dacewa ba. A watan Mayun 2025 aka kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin haramta dabarar da Green Bay Packers ta kawo. Ƙungiyoyi 22 cikin 32 suka goyi baya, alhali ana bukatar 24, sai ƙudurin ya faɗi.