Dokar Zaɓe ta 1965 a Amurka: Me Ta Tanada, Kuma Me Kotun Ƙoli Ta Cire Mata?

Tun 1870 kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Amma kusan shekara ɗari bayan haka, baƙar fata a jihohin Kudu bai ga rumfar zaɓe ba sai daga nesa. Dalili kuwa, Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa irin INEC. Jihohi da ƙananan hukumomi ne ke yin rajista da tsara zaɓe, kuma a wancan zamani masu aƙidar fifikon farar fata ne ke riƙe da su a Kudu.

Ba su rubuta "an hana baƙar fata" a doka ba. Sai suka ƙirƙiro harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Ma'aikacin rajista, wanda farar fata ne, shi ke zaɓo sashen kundin tsarin mulkin jiha ya ce ka karanta ka yi masa fashin baƙi, kuma shi ke yanke ko ka ci ko ka faɗi. Wanda ya nace, a kore shi daga aiki ko 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu kai wa baƙaƙe hari, su ziyarce shi da dare. A Mississippi, baƙaƙen fatar da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba.

A ranar 7 ga Maris 1965 jami'an tsaro suka lakaɗa wa masu zanga-zangar lumana ta neman 'yancin zaɓe duka a gadar Edmund Pettus da ke Selma, jihar Alabama, har suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga jagororinsu, kai. Duniya ta gani a talabijin. Ranar 6 ga Agusta Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa Dokar 'Yancin Kaɗa Ƙuri'a hannu.

Sashe na 2 ya haramta duk wata ƙa'idar zaɓe mai nuna wariyar launin fata a faɗin ƙasar, amma sai an kai ƙara kotu. Sashe na 5 ne ƙashin bayan dokar. Ya ce jihohin da aka sani da wannan hali ba za su canza komai a harkar zaɓe ba, ko da matsar da rumfar zaɓe ne daga wannan unguwa zuwa waccan, sai sun nemi izinin Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ko wata kotun tarayya a Washington. Jihar ce za ta kawo hujjar cewa canjin ba zai cutar da tsiraru ba, kafin a fara aiki da shi. Sashe na 4 kuma shi ya gindaya ma'aunin gane waɗanne jihohi ne abin ya shafa, irin su Alabama, Jojiya, Louisiana da Mississippi. Zuwa 1967, rajistar baƙaƙe a Mississippi ta kusa kashi 60.

Kada a manta, 'yan Democrat ne ke mulkin Kudu a zamanin wariya. Bayan dokokin 'yancin ɗan'adam na shekarun 1960 ne turawan yankin suka riƙa komawa Republican sannu a hankali, kamar yadda Sanata Strom Thurmond ya yi tun 1964. Duk da haka, har 2006 Majalisar Dattawa ta sabunta dokar da ƙuri'a 98 babu mai adawa, George W. Bush ya sa hannu.

A ranar 25 ga Yuni 2013, a shari'ar da ƙaramar hukumar Shelby ta Alabama ta shigar, Kotun Ƙoli ta soke ma'aunin Sashe na 4 da alƙalai biyar a kan huɗu. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya ce ƙasar ta canza, kuma ma'aunin ya dogara da alƙaluman shekaru arba'in da suka wuce. Sashe na 5 yana nan a rubuce, sai dai babu jihar da yake hawa kanta. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ta ce wannan tamkar mutum ya yar da lema ana tsaka da ruwa ne don ya ga bai jiƙe ba. A ganina ita ce ta faɗi gaskiya, domin abin da ya biyo baya bai ɗau lokaci ba.

A ranar hukuncin Texas ta ce za ta fara aiki da dokarta ta katin shaida, wadda ta karɓi lasisin bindiga amma ta ƙi katin ɗalibi. Cikin makonni majalisar North Carolina, mai rinjayen Republican, ta rage kwanakin da ake iya kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe daga 17 zuwa 10, ta soke rajistar rana ɗaya da zaɓe. Masu goyon baya suna cewa maguɗi suke toshewa, kuma Amurkawa da yawa na kowane launi suna son a nuna kati. Amma a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta gano cewa 'yan majalisar sun nemi bayanan yadda mutanen kowane launin fata ke zaɓe, sannan suka datse hanyoyin da baƙaƙe suka fi amfani da su. Ta soke waɗannan tanade-tanaden dokar bayan shekara uku.

Wannan jinkirin shi ne babban abin da ya canza. Yanzu dokar jiha tana fara aiki, a yi ta shari'a, zaɓe ya zo ya wuce. Alabama ta shata mazaɓu bakwai na Majalisar Wakilai, ɗaya kacal mai rinjayen baƙaƙe, alhali sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar jihar. Wata ƙaramar kotun tarayya ta ce a sake taswirar, Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin, aka yi zaɓen 2022 da ita. Sai a 2023 Kotun Ƙolin ta amince cewa akwai alamar taswirar ta saɓa wa Sashe na 2. A sabuwar mazaɓar da aka shata, Shomari Figures, wanda baƙar fata ne, ya ci zaɓen 2024.