Mai ɗaukar hoton kayan ƙawa: ta yaya aiki zai riƙa zuwa?

Wanda yake zaman kansa a wannan sana'a ba shi da albashin ƙarshen wata. In waya ta yi shiru mako uku, aljihu ma ya yi shiru. Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda sababbin shiga suka fi yi, wasu kuma na waɗanda suka daɗe ne amma kasuwa ta tsaya musu.

Hotunana suna da kyau, kowa yana yabawa, amma masu biyan kuɗi ba sa zuwa. Ina matsalar?

Mai yabo yana kallon fuska da haske da yadda bayan hoton ya dushe. Mai kaya kuwa rigarsa yake nema a ciki. A ce tela ta kwana uku tana surfani a wuyan riga, kai kuma ka ɗauki hoton da gashin mai tallan, wato wadda ta sa rigar don a ɗauke ta hoto, ya rufe wuyan, rana tana faɗuwa a baya, ka ƙara wa launin ja-ja don ya burge. Abokanka za su ce ka iya. Ita telar za ta duba ta ce ina aikina, kuma ba za ta sake kiranka ba, ba ma lallai ta gaya maka dalili ba.

Fasaha ba laifi ba ce. Shahararren hoton nan da Richard Avedon ya ɗauka a Faris a 1955, na mai talla Dovima tsaye tsakanin giwaye, har yau ana nazarinsa. Amma ka duba shi da kyau: doguwar rigar, ta kamfanin tufafi na Dior, ta fito daga wuya har ƙasa, ɗamararta a fili, giwayen ba su rufe komai ba.

To me ya kamata in sa a kundin ayyukana?

Hotuna 15 zuwa 20 sun isa, kuma mafi rauninsu shi za a auna ka da shi, don haka cire duk wanda kake shakka a kansa. Abin da mai kaya yake son gani shi ne za ka iya ɗaukar kaya ɗaya ta kowace fuska: tsawonta ta gaba, ta baya, kusa da ɗinki da maɓalli, sannan guda ɗaya tana motsi don a ga yadda yadin yake zuba a jiki. Jerin hotuna shida daga aiki ɗaya ya fi hotuna shida masu kyau daga wurare shida. Instagram yanzu yana barin a jera har 20 a wallafa ɗaya, ka ga wuri ya samu.

Sai kuma ka raba shafi. In hoton jarirai da na taro da na shimfiɗar ƙasa suna cakuɗe da na kayan ƙawa, mai kamfanin tufafi zai ɗauke ka mai yin kowane aiki, ya kuma biya ka kuɗin mai yin kowane aiki.

Ban taɓa samun kwastoma ba. Da me zan cika kundin?

Da aikin haɗin gwiwa. Ka nemo mai talla da ita ma take neman hotuna, mai kwalliya, da sabon mai zanen tufafi da zai ba da aron kaya. Ba wanda zai biya wani, kowa ya tashi da hotuna. Ku rubuta a saƙo tun farko hoto nawa kowa zai samu, yaushe, kuma ba wanda zai yi tallan sayarwa da su sai an sake magana.

Ribar wannan ta wuce hotunan. Mai kwalliya da mai shirya kaya a jikin mai talla suna shiga wurin masu zane da yawa a wata guda, fiye da yadda kai za ka shiga a shekara. Ranar da wani ya ce mai hotonsa ya ba shi kunya, sunan da ke bakinsu shi za a kira. Ka ba su hotunansu a kan lokaci, ka sa sunansu a duk inda ka wallafa.

Amma a sa iyaka. Kamfanin da yake sayar da kaya yana cin riba, in ya ce ka yi masa kyauta don sunanka ya fita, wannan ba haɗin gwiwa ba ne.

In jira su same ni ne, ko in tunkare su?

Ka tunkare su, amma ba da "ni mai ɗaukar hoto ne, ina neman aiki" ba. Irin wannan saƙon ba a amsa shi. Ka zaɓi masu kaya goma da ka san irin hotonka ya dace da su, ka zauna ka duba shafinsu, ka gano abin da ya rage musu. Sai ka rubuta gajere: "Na ga sababbin rigunanku masu aiki a hannu. A hotunan da ke shafin aikin bai fito sosai ba. Ga hotuna huɗu da na ɗauka na irin wannan ɗinki. In kuna shirin fitar da wasu kaya, zan so mu yi magana." Ka nuna ka duba, ka kuma kawo hujja, gani ya kori ji. In an yi shiru, ka tuntuɓa sau ɗaya bayan mako biyu, daga nan ka bari sai wani zagayen.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Manyan makonnin nunin kayan ƙawa na New York da Landan da Milan da Faris ana yin su ne wajen Fabrairu zuwa Maris, da Satumba zuwa Oktoba, kuma kayan da ake nunawa na yanayin da zai zo bayan kamar wata shida ne. Ƙananan masu zane su ma suna da nasu lissafin, ko da bai kai haka tsawo ba. Ranar da ka ga sababbin kaya a shafinsu, an riga an ɗauki hoton, an biya wani. Tambayar da za ka yi ita ce yaushe kaya na gaba za su fito.

Wane kuskure ne ya fi korar kwastoma?

Launi. Wanda ya sayi riga ta intanet don ya gan ta shuɗiya mai duhu, aka kawo masa ya tarar ta fi kusa da kore, mayar da ita zai yi, kuma mai kaya ya san hoton wa ya jawo masa asara. Maganin ba shi da wuya. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa mai talla ta riƙe kati mai ruwan toka a hoton farko na kowane haske, ka daidaita sauran da shi. Kada ka haɗa hasken taga da fitilar ɗaki mai rawaya. In za ka iya, ka jona kyamara da kwamfuta ta manhajar Capture One ko Lightroom, mai kaya ya tsaya yana gani a babban allo da rigar a gabansa. Gara ya ce "wannan ja ya yi yawa" a wurin, da ya faɗa bayan kowa ya watse. Wajen fitar da hotunan da za su hau intanet kuma ka sa su a tsarin launi na sRGB.

Kowane yadi da halinsa. Karammiski yana shanye haske, sai an haska shi ta gefe gashinsa yake fitowa. Siliki yana mayar da haske, fitila ƙarama mai ƙarfi tana yi masa fararen tabo. Baƙar riga a baƙin bango takan zama dunƙule ɗaya ba ɗinki ba aljihu. Ni a ganina dutsen guga da 'yan allurai da abin kama riga ta baya sun fi sabuwar kyamara amfani a jakar mai wannan aiki, don yamutsin da za a goge cikin minti biyu yakan ci awa guda a gaban kwamfuta.

Ka kuma tambayi inda hoton zai je. Kasuwar intanet ta Amazon, alal misali, yana buƙatar babban hoton kaya ya kasance a farin bango tas, kayan su cika kashi 85 cikin 100 na hoton. In ba ka tambaya ba, sai ka kawo abin da ba zai shiga ba.

Yaya zan yanke kuɗi ba tare da na kori mutum ba?

Ka raba lissafin gida biyu: kuɗin aikin yini, da kuɗin amfani da hoton. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, haƙƙin mallakar hoto yana tabbata ne tun lokacin da aka ɗauke shi ba sai an yi rajista ba, kuma ga mai zaman kansa yawanci nasa ne sai in ya sa hannu ya miƙa. Saboda haka abin da kake sayarwa izini ne: a shafin sada zumunta kawai, ko har da allon talla, na shekara ɗaya ko biyu. Mai talla ita ma sai ta sa hannu a takardar amincewa kafin a yi talla da fuskarta.

In mai kaya ya ce kuɗin ya yi yawa, kada ka zabge farashi a kan aiki ɗaya. Ka rage aikin: kaya takwas maimakon goma sha biyar, rabin yini maimakon yini. Kuma ka karɓi kafin alƙalami kafin ka kama wuri ko ka kira mai talla.

An yi aiki an gama. Me zai sa ya dawo?

Ka ce Alhamis, ka kawo Laraba. Ka sa wa kowane hoto sunan kayan ko lambarsa, kada mai shago ya zauna yana buɗe hoto ɗari yana neman rigar da ake tambaya. Ka ba shi kowane hoto a yanka biyu, 4:5 na shafi da 9:16 na tsaye mai cika allon waya, tun bai nema ba.

Bayan mako biyu ko uku ka aika ka tambayi wanne kaya ya fi tafiya, da wane hoto. Kaɗan ne suke yin wannan tambaya, kuma amsarta za ta nuna maka abin da za ka ƙara ɗauka nan gaba. In ya ce kaya sun ƙare, a lokacin ne za ka tambayi ranar fitowar na gaba, ka ce a ajiye maka ranar, ka kuma tambaye shi ko ya san wani mai zane da yake neman mai hoto.