Tantance Dacewar Ƙasa a Jihar Gombe

Tantance dacewar ƙasa bincike ne da ake yi wa fili domin a san abin da zai iya ɗauka: noma, kiwo ko gini. Ana duba irin ƙasar da zurfinta, gangaren wurin, yawan ruwan sama, da nisan ruwan da ke ƙarƙashi.

Tarihi

Tun kafin zuwan masu awon ƙasa, manoma na da nasu tsarin rarraba ƙasa. Jigawa ta gero da wake da gyaɗa ce, fadama ta shinkafa da kayan lambu, baƙar laka kuwa ta dawa da auduga. Audugar nan ce ta bunƙasa kasuwar Gombe bayan an dawo da fadar sarki daga Nafada a 1919, musamman da layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960.

Wajajen farkon shekarun 1970 masana daga Ingila suka fitar da rahoto kan albarkatun ƙasar Arewa maso Gabas. Shirin bunƙasa noma na Gombe, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tare da na Funtua da Gusau, ya soma a tsakiyar shekarun. A 1976 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da tsarin tantance ƙasa da ake bi har yau: ƙasa mai dacewa sosai, matsakaiciya, mai dacewa da kyar, sai wadda ba ta dace ba.

Birnin Gombe

Garin yana cikin kwari ne a gindin tudun Akko, kan ƙasa mai yashi. Da ya zama babban birnin jiha a 1996, gonaki suka koma fulotai cikin gaggawa, har da na kan hanyar ruwa. Ruwan da ke gangarowa daga yamma ya yi ta haƙa kwazazzabai yana cin gidaje. Inda laka ta yi yawa kuma, ƙasa kan kumbura da damina ta dare da rani, bango ya tsage.

Noman rani

Ya fi ƙarfi a kewayen madatsun Dadin Kowa da Balanga.

Doka

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Taswirar filaye yanzu tana hannun GOGIS, hukumar tattara bayanan filaye ta jihar. Batun burtali da wuraren kiwo har yau ana jayayya a kansa.