Waiwaye: yadda ƙasashe masu tasowa suka samu rabonsu a teku

Daga Sakkwato zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita dubu ce, shi ya sa da an ambaci dokar teku sai mu ce ai zancen mutanen Legas da Fatakwal ne. Amma Gulbin Rima da ke bi ta Wamakko da Argungu cikin Kwara yake zubawa, Kwara kuma Tekun Atlantika ta nufa. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin titi da yamma daga teku ya fito. Kason wata-wata da jiharmu ke karɓa daga Abuja kuwa, wanda ake biyan albashi da shi, akwai kuɗin man rijiyoyin Bonga da Agbami a ciki, kuma can tsakiyar ruwa mai zurfi suke.

Shekaru aru-aru, abin da aka sani shi ne ƙasa na da ikon mil 3 daga gaɓarta, sauran teku na kowa ne. Kowa ɗin nan kuwa mai jirgi ake nufi, wato Turawa. A 1945 Shugaba Truman ya ce arzikin da ke ƙarƙashin ruwan da ke daura da gaɓar Amurka nata ne. Chile da Peru suka ce su ma mil 200 nasu ne. Da aka zauna a Geneva a 1958 don tsara doka, yawancin Afirka na hannun 'yan mulkin mallaka, har da Najeriya.

A 1967 jakadan Malta, Arvid Pardo, ya tashi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi gargaɗi cewa idan aka bar abin haka, ƙasashe masu na'ura za su wawashe ma'adinan ƙasan teku kamar yadda aka wawashe nahiyoyi. Ya nemi a ɗauki ƙasan tekun da ba na kowa ba a matsayin gādon ɗan Adam baki ɗaya. Majalisar ta amince a 1970. Aka shiga tattaunawa tun 1973, sai a Disambar 1982 aka rattaba hannu a Montego Bay da ke Jamaika. Kowace ƙasa mai gaɓa ta samu mil 12 na cikakken iko, da mil 200 da kifi da man da ke ciki nata ne. Ƙasashen da ba su da teku, irin su maƙwabciyarmu Nijar, aka ba su haƙƙin bi ta ƙasar wasu su kai kayansu tashar ruwa. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 1986.

A nan ne nake ganin aka tauye mu. Yarjejeniyar 1982 ta wajabta wa kamfanonin haƙar ma'adinan teku su miƙa fasaharsu ga hukumar da za ta kula da wannan gādo, domin ƙasashe matalauta su ma su amfana. Amurka ƙarƙashin Reagan ta ƙi sa hannu, wasu manyan ƙasashe suka ja da baya. Don a lallashe su, a 1994 aka yi gyara, aka cire wannan tilas, a shekarar ne kuma dokar ta fara aiki. Har yau Amurka ba ta shiga ba. An ba talaka gona, an hana shi fartanya.

Illar haka ta fito fili a batun faɗaɗa iyaka. Doka ta ce ƙasa na iya neman ƙasan teku fiye da mil 200 idan ta nuna da hujjar kimiyya cewa doron ƙasarta ya miƙe har can. Hujjar tana bukatar jirgin awo, da ƙwararrun da za su karanta abin da ya auno, ga wa'adin shigar da takardar nema da ya faɗo wa ƙasashe da dama a Mayun 2009. Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun tallafi a 2000. Norway ta ɗauki nauyin aikin ƙasashe 7 na Yammacin Afirka, ciki har da Senegal da Gambiya da Saliyo, suka shigar da takarda ɗaya tare a 2014. Najeriya ta shigar da tata a 2009, aka yi ta kai-komo, sai a 2023 aka amince mata da ƙarin murabba'in kilomita kusan 16,300.

Samun iyaka daban, tsare ta daban. Manyan jiragen kamun kifi na waje suna shigowa ruwan Yammacin Afirka ba bisa ƙa'ida ba, masana'antun garin kifi a Muritaniya da Gambiya suna niƙe ƙananan kifin da talaka ke ci don a ciyar da dabbobi da kifin kiwo a ƙetare. Tun 1981 ƙasashen yankin ke da Yarjejeniyar Abidjan ta kare gaɓa, amma takarda ba ta sintiri.

A 2023 an amince da sabuwar yarjejeniyar kare halittun tsakiyar teku, kuma an sake rubuta alkawarin horaswa da raba fasaha a cikinta. A shekarar ce Najeriya ta kafa ma'aikatar kula da tattalin arzikin teku. A Kingston, babban birnin Jamaika, kuwa, hukumar ƙasan teku da ke kula da gādon nan ta ba da kwangilolin binciken ma'adinai kusan 30, babu ko ɗaya da wata ƙasar Afirka ta tsaya wa. Abin da ya rage daga tsohon alkawarin shi ne sharaɗin cewa duk mai kwangila sai ya horar da 'yan ƙasashe masu tasowa, a cikin jirgi da ɗakin gwaji. Ba a ce sai ɗan bakin ruwa ba. Ɗalibin da ya karanta ilimin duwatsu ko na kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da damar neman gurbin daidai da na Legas.