Wa Zai Lura Idan Ba Ka Zo Sujada Ba? Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ikilisiyar Metodis Ke Kula da 'Ya'yanta

Duk wanda ya daɗe a majami'a ya san irin wannan labarin. Dattijuwar da ke zama a benci na uku, gefen taga, ta daina zuwa. Mako biyu, mako huɗu, kowa yana zaton wani ya je ya dubo ta. Sai ranar da aka ji ashe wata guda ke nan tana kwance a asibiti, kunya ta rufe kowa. Yawancin sababbin hidimomin da ikilisiyoyin Metodis ke ɓullo da su a Birtaniya da Amurka, wannan ramin suke ƙoƙarin toshewa.

Ba aikin fasto ba ne ya kula da membobi? Me ya kawo wasu hidimomi kuma?

Aikinsa ne, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tsarin Metodis ma abin ya fi tsanani, domin fastocinsu ba sa zama dindindin a wuri ɗaya. A Birtaniya akan tura fasto na shekara biyar da farko, kuma sau da yawa majami'u biyu ko uku ko fiye yake riƙe da su a da'ira ɗaya. A cocin United Methodist ta Amurka bishop ne ke naɗa shi shekara-shekara. Fasto zai zo, fasto zai tafi. Waɗanda suka san wane ne ya rasa mata bara, wace ce ba ta iya hawa matakala, su ne 'yan'uwan da ke zaune a wurin tun fil azal.

Littafi Mai Tsarki ma ya riga ya yi maganar. A Fitowa sura 18 Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya raba aikin. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuwa gunaguni ne ya tashi saboda ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci, aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan lamarin.

Daga ina Metodis suka samo wannan ɗabi'a ta raba mutane rukuni-rukuni?

Daga bashi. Wannan ne abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan.

A 1739 John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya gina ɗakin taro a birnin Biristol na Ingila, wanda ake kira New Room har yau. Ginin ya bar bashi. A Fabrairun 1742 aka zauna ana neman mafita, sai wani mutum da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara: kowane memba ya riƙa ba da peni ɗaya, wato kwabon Ingila na lokacin, duk mako. Aka ce masa da yawa talakawa ne, ko wannan ba za su iya ba. Ya ce to a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin waɗanda suka fi talauci, zai riƙa zagaya su duk mako. Wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Sauran suka yarda su yi haka. Aka raba jama'a sha biyu-sha biyu, kowane rukuni da shugabansa. Shi ne abin da suka kira "aji".

Masu karɓar kwabo suka fara dawowa da abin da ya fi kwabo. Wannan gida an iske maigidan a buge. Wancan ana rigima. Can kuma wani na kwance, ba wanda ya sani. Wesley ya gane cewa abin da ya daɗe yana nema ke nan: hanyar da zai san halin da kowane mutum ke ciki ba tare da ya taka kowane gida da ƙafarsa ba. Daga nan aka ɗora wa shugaban aji ya ga kowane ɗan ajinsa aƙalla sau ɗaya a mako, ya tambaye shi lafiyar ransa, ya yi masa nasiha ko tsawatawa ko ta'aziyya, gwargwadon abin da ya tarar.

Bin gida-gida bai daɗe ba. Yana cin lokaci, kuma da yawa daga cikin membobin barori ne a gidajen masu kuɗi, iyayen gidansu ba sa son baƙi. Sai aka koma haɗuwa wuri ɗaya duk mako. Kowane wata uku kuma ana sabunta wa memba 'yar takardar shaida. Wanda ya yi ta fashin aji ba dalili, ba a sabunta masa. Wani zai ce tsauri ne, kuma gaskiya akwai tsauri a ciki. Amma mutum ba ya ɓacewa wata guda ba a sani ba.

Marasa lafiya da matalauta fa, an yi musu wani tanadi?

An yi, kuma da tsari. A Landan Wesley ya zaɓi mutum 46, ya raba garin kashi 23, ya sa mutum biyu a kowane kashi, aikinsu su duba kowane majinyaci sau uku a mako. Cikin ƙa'idodin da ya ba su akwai haƙuri da taushin hali, da tsabta, da kuma kada su yi ƙyama. Wanda ya taɓa jinyar mai dogon ciwo ya san dalilin wannan ta ƙarshe.

A 1746 ya buɗe wurin ba da magani kyauta a cibiyarsu ta Foundery, kuma cikin wata biyar mutum fiye da 500 suka karɓi magani. Ya kafa asusun rance, inda mai ƙaramar sana'a zai ranci har sule 20 ya biya cikin wata uku. Aka kuma kama gidaje don tsofaffin gwauraye. A wani wa'azi da ya rubuta a 1786, yana da shekara 82, ya ce babban dalilin da ya sa masu arziki ba su cika tausayin talaka ba shi ne ba su cika ziyartarsa ba. A ganinsa aiken kuɗi ba ya sauke wa mutum nauyin zuwa da kansa. Da Bahaushe ne, da cewa zai yi zumunta a ƙafa take.

To mene ne sabo a cikin "sababbin" hidimomin, tun da duk an yi wannan a baya?

Ajin mako-mako ya yi sanyi a ƙarni na 19, har ya kusa mutuwa a wurare da yawa. Majami'u suka girma, mutane suka watsu, aka bar wa fasto kayan. Abin da ake yi yanzu, a nawa ganin, tsohuwar zuma ce a sabon kwano. Sabon abin da aka ƙara shi ne horo.

A Birtaniya har yanzu ana sa sunan kowane memba a ƙarƙashin shugaban aji ko mai ziyara, wanda kwamitin kiwon ikilisiya ke lura da aikinsa, kuma shi ke miƙa masa takardar zama memba kowace shekara. A Amurka ikilisiyoyin Metodis da yawa sun rungumi tsarin Stephen Ministry, wanda Kenneth Haugk, faston Lutheran kuma masanin halayyar ɗan'adam, ya kafa a St. Louis a 1975. Sunan daga Istifanas aka ɗauko shi, ɗaya daga cikin mutum bakwai ɗin nan na Ayyukan Manzanni. Ana horar da ɗan'uwa na sa'a 50, sannan a haɗa shi da mutum guda da ke cikin wahala, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa ganawa kamar sa'a ɗaya duk mako. Babbar majami'ar Church of the Resurrection da ke Kansas ita ma ta shahara da horar da membobinta su yi dubiya a asibiti da tsayawa tare da masu makoki, har wasu ikilisiyoyi suka kwaikwayi tsarinta.

Sauran sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Akwai ma'aikaciyar jinya ta ikilisiya, wadda ke auna hawan jini bayan sujada tana kuma fayyace wa tsofaffi abin da likita ya rubuta. Akwai zaman masu makoki, da na masu jinyar iyayen da ciwon mantuwa ya kama. Akwai masu kai abinci gidan mai jego ko wanda aka sallamo daga asibiti, da masu ɗauko tsofaffi a mota ranar Lahadi, da matan da ke saƙa mayafi su yi addu'a a kansa a kai wa majinyaci. Akwai kuma waɗanda aka horar su kai gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, bayan fasto ya keɓe su a sujada, ga wanda ba ya iya fitowa. Tun annobar korona ta 2020 aka ƙara jerin kiran waya da sujada ta intanet, kuma da yawa ba su daina ba, domin sun gano akwai membobin da tun kafin annobar ma a kulle suke a gida.

A zahiri, me mai ziyarar ke yi idan ya shiga gida?

A ce mako shida ke nan da binne mijin wata 'yar'uwa. 'Yan ta'aziyya sun watse, 'ya'ya sun koma wuraren aikinsu, waya ta daina ƙara. A daidai wannan lokacin ne mai ziyara ke ƙwanƙwasa ƙofa, bayan ta kira ta nemi izini.

Ta zauna. Ta lura takalman marigayin suna nan a bakin ƙofa, ba ta ce komai a kai ba. Ta tambaya, "Mama, yaya dare yake miki?" Matar ta yi shiru har shirun ya yi nauyi. Wanda ba a horar ba nan zai yi sauri ya cike wurin da aya, ko ya ce ai Allah ya fi mu sonsa. Ita kuwa ta jira. Can matar ta ce ba ta iya kwanciya a ɗakin, a kujera take barci, kuma ranar Lahadi ba ta zuwa ne don ba ta san yadda za ta zauna a bencin nan ita kaɗai ba. Mai ziyara ba ta yi wa'azi ba. Ta ce, "In kin yarda, zan biyo miki, mu zauna tare a baya." Kafin ta tafi ta tambaya ko za su yi addu'a, ba ta ɗauka cewa dole ne ba.

Rabin horon sa'a 50 ɗin nan, in ka tace shi, koyon kame baki ne. Sauran rabin kuma sanin iyaka: mai ziyara ba likita ba ne, ba lauya ba ne. Idan ya ga alamar ciwon damuwa mai tsanani, ya san wurin da zai miƙa mutum.

Ba za a mai da sirrin mutane abin hira ba?

Wannan tsoron na da tushe, kuma shi ke kashe irin wannan hidima tun tana jaririya. An san yadda "mu sa wance a addu'a" ke rikiɗewa ya zama gulma mai sanye da rigar ibada. Shi ya sa a tsarin Stephen Ministry ko a zaman da masu hidimar ke yi don duba aikin junansu ba a ambaton sunan wanda ake kula da shi. Sunan mutum ba ya shiga jerin addu'a sai da yardarsa.

Wuri ɗaya ne alkawarin sirri ke tsayawa: idan rai na cikin hatsari, ko ana cutar da yaro ko wani mai rauni. Mai ziyara na gari yakan faɗi wannan tun ranar farko.

Tura mutane gidajen masu rauni ba shi da hatsari?

Yana da shi, kuma Metodis sun koya da ciwo. A 2015 Cocin Metodis ta Birtaniya ta fito fili ta nemi gafara bayan wani bincike da ta sa aka yi ya tattaro rahotannin cin zarafi kusan 2,000, tun daga 1950. A Amurka babban taron United Methodist na 1996 ya amince da ƙudurin rage hatsarin cin zarafin yara a majami'a, wanda ya haifar da tsarin da ake kira Safe Sanctuaries. Yau ana binciken tarihin mai son hidima kafin a ɗauke shi, ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara, kuma akwai wanda aka naɗa a kai masa ƙara. Wasu tsofaffin membobi kan ji haushi a ce su cike fom bayan shekara 40 suna hidima. Ina fahimtarsu, amma ba na goyon bayansu.

Ƙaramar ikilisiya mai mutum 40, ba kuɗi, ba ma'aikata, ta ina za ta fara?

Da takarda da biro. A rubuta sunan kowa, har da waɗanda aka daɗe ba a gani ba, a raba su ga mutum huɗu ko biyar masu riƙe amana. Sau da yawa ƙaramar ikilisiya ta fi babba iya wannan, sai dai tana da nata makafin wuraren: wanda ba shi da dangi a cikinta, da baƙon da ya zo wata uku da suka wuce, su ne ake mantawa da su, domin kowa yana ganin ai mun san juna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe hidima biyar a shekara ɗaya, kowace da kwamiti da sakatare, alhali mutanen da ke ɗauke da su duka su ne dai mata shidan nan da ke share majami'a su kuma yi waƙa.

Su masu kulawar, wa ke kula da su?

Tambayar da aka fi tsallakewa ke nan. Wanda ya yi shekara yana zama kusa da mai ciwon daji har ya raka shi kabari, shi ma ya yi rashi, ko da ba danginsa ba ne. Shi ya sa masu hidimar Istifanas ke haɗuwa sau biyu a wata su sauke abin da ke ransu, kuma akan ɗauki alkawarin hidimar na shekara biyu ne, mutum ya sabunta in yana da ƙarfi, ya huta in ya gaji. Ikilisiyoyin da suka ƙware kan sa sunan kowane mai ziyara a jerin wani mai ziyarar, har da matar fasto, wadda galibi kowa ke zaton tana da mai tambayarta.